Sauraro da Faɗin Gaskiya Cikin Ladabi Sun Fi Daɗin Baki a Wurin Aiki

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina a kan halayen da ke ɗaga ma'aikaci, bayan takardar shaidar karatu da sanin makamar aiki. Masu yi wa matasa nasiha sukan jero iya magana a gaban jama'a, kiyaye lokaci, haƙuri da iya zama da mutane, kuma babu wanda zai ce waɗannan ba su da amfani. Sai dai a ganina akwai biyu da suka sha gaban sauran, wato iya sauraro, da iya faɗa wa na gaba gaskiyar da ba ya son ji ba tare da an ci masa fuska ba.

Harkar jiragen sama ta daɗe da gane haka, kuma da tsada ta gane. A ranar 27 ga Maris, 1977, jirage biyu samfurin Boeing 747, ɗaya na kamfanin KLM, ɗaya na Pan Am, suka yi karo a kan titin tashi a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya, mutum 583 suka rasa rayukansu. Kyaftin ɗin KLM ba ɗan koyo ba ne, domin shi ne ma jagoran masu horar da matuƙa a kamfaninsa. Hazo ya rufe filin, shi kuma ya fara gudun tashi bisa zaton an ba shi izini. Injiniyan da ke zaune a bayansa ya tambaya ko ɗaya jirgin ya riga ya kauce daga titin, kyaftin ya amsa masa da cikakken tabbaci, shi kuwa bai sake nanatawa ba. Ilimin tuƙi bai yi ƙaranci a ɗakin matuƙan nan ba; abin da ya rasa shi ne babba mai tsayawa ya ji, da ƙarami mai iya dagewa. Bayan wannan hatsari da wasu irinsa ne kamfanonin jirage suka shigo da horo na musamman, wanda United Airlines ya fara a 1981, inda ake koya wa ƙaramin matuƙi ya kira kyaftin da sunansa, ya faɗi abin da ya gani, ya kawo mafita, sannan ya nemi amincewarsa.

Ofis ba jirgi ba ne, amma abin da bincike ya nuna bai bambanta ba. Kamfanin Google ya yi nazarin rukunonin ma'aikatansa kimanin 180 daga shekarar 2012, ya kuma gano cewa babban abin da ya raba rukunin da ke cin nasara da sauran shi ne kowa yana jin zai iya yin tambaya, ko ya nuna kuskure, ba tare da tsoron a muzanta shi ba.

Dangantakar wannan da ƙarin girma a fili take. Ƙwarewar sana'a ita ke sama wa mutum aiki, ita ce kuma ke riƙe shi a shekarun farko, amma ranar da aka ɗora shi a kan mutum biyar ko goma, aikinsa ya sauya ko da sunan sashen bai sauya ba, domin daga nan da hannun wasu zai riƙa aiki. Wani nazari da masana tattalin arziki suka wallafa a Amurka a 2019 a kan ma'aikatan sayar da kaya ya nuna cewa kamfanoni sukan ba wanda ya fi kowa ciniki muƙamin manaja, alhali sau da yawa ba shi ne ya fi iya shugabanci ba, kuma waɗanda suka saba aiki tare da abokansu sun fi riƙe muƙamin da kyau.

Na san wani zai ce a zahiri mai fadanci ne ke samun kujera, mai faɗin gaskiya kuwa a mayar da shi saniyar ware. Hakan na faruwa, ba na musu. Amma yawancin waɗanda suke kukan gaskiya ta ja musu, idan aka bincika, yadda suka faɗe ta ne ya ja musu. Akwai tazara mai nisa tsakanin ma'aikacin da zai miƙe a tsakiyar taro ya ce lissafin shugaba ba daidai ba ne, da wanda zai same shi kafin a shiga ya ce, "Ranka ya daɗe, adadin da ke shafi na uku bai zo ɗaya da na akawu ba, ko za a ba ni zuwa gobe in tabbatar kafin a sa hannu?" Na biyun ya ceci aikin, ya kuma ceci mutuncin shugabansa, kuma da wuya a manta da shi idan wani gurbi ya buɗe. Haka nan sauraro ba yin shiru ba ne kawai ana jiran a gama a mayar da martani. Mai sauraro na gaskiya yakan maimaita umarnin da aka ba shi da kalmominsa domin a gyara masa tun kafin ya ɓata mako guda a kan abin da ba a sa shi ba.

Saboda haka ina kira ga makarantun gaba da sakandare da su riƙa gwada ɗalibai a kan aikin haɗin gwiwa kamar yadda suke gwada su a kan takarda. Shugabannin ma'aikatu kuma, idan ana taro, su bari ƙananan ma'aikata su fara faɗin ra'ayinsu kafin su bayyana nasu, domin da zarar babba ya yi magana, kaɗan ne za su iya saɓa masa.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka.

Naku,
Wani mai karatu