Gaisuwar Sallah daga Agege

Zuwa ga Inna, da Yaya, da Auta,

Assalamu alaikum. Barkanku da Sallah, Allah ya karɓi layya, ya maimaita mana. Inna, ina fata ƙafar ta yi sauƙi. Mu nan lafiya lau, Malam da yara suna gaishe ku. An sauko Idi ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, sai a ƙarƙashin rumfar kwano aka yanka ragon da Malam ya sayo a kasuwar Alaba Rago, nan take muka hau suya. Irin gashinmu na Maradi, a tsire rago sukutum a kewaye wuta har dare, babu shi a nan. Gidan haya ne, ina filin yake?

Auta, na ga hoton da kika turo ta WhatsApp da safe. Tubarkalla, leshin ya karɓe ki, telan ma ya yi ƙoƙari. Amma ƙanwata, wa ya ce miki duk abin da ke cikin ƙunshin kayan da na aiko miki rana ɗaya za a sa shi? Babbar sarƙa, dogon ɗankunne, awarwaro hannu biyu, agogo, zobba, ga jaka mai ƙyalli, duk a kan leshin da shi kansa duwatsu ne tun daga wuya har ƙasa. Ido ya rasa inda zai sauka. Yaya, kina tsaye kika bar ta ta fita haka?

Da na shiga kasuwar Balogun, kowane abu da kayan da na saya masa. Yanzu tafiyar ta yi sauƙi, tun da jirgin ƙasa na cikin gari ya fara aiki a 2024 sai in hau a tashar Agege in sauka Oyingbo, daga nan mota ta haye da ni Idumota, kusa da kasuwar. Shi ya sa na samu sukunin zaɓe a tsanake. Leshin nan ƙaramin ɗankunne kawai yake so da zobe ɗaya, wuyan ki bar shi haka. Babbar sarƙar ta shaddar nan ce mai ruwan toka, wadda ba ta da aiki sai a bakin hannu. A kanta ne za ta fito. Awarwaron kuma na atamfa ne, a hannu ɗaya, agogo a ɗayan.

Wajen mayafi ne na fi ganin ana kuskure, a nan da can gida duka. Mace za ta ɗauki kalar da ta fi yawa a atamfa ta nemo mayafi irinta, jaka irinta, takalmi irinta, ta fito shuɗiya fes daga sama har ƙasa. Ki shimfiɗa atamfar a gado ki duba kalar da ta fi ƙaranci a zanen. A taki ɗan ratsin ruwan ƙwai ne a gefen ganyen. Shi za ki bi. Mayafi ya ɗauke shi, jaka ko takalmi ɗaya ya tara masa, ɗayan ya zama baƙi ko ruwan ƙasa. Kuma ki tuna mu masu yafa mayafi ne. Sarƙar da aka kashe wa kuɗi sai an shiga cikin mata ake ganinta, amma mayafi da jaka da takalmi da lallen hannu, su kowa yake gani tun daga ƙofar gida. In kuɗi ya yi kaɗan, can za a fara sa shi.

Matan Yarbawa ba haka lissafinsu yake ba, su daga kai suke farawa. Maƙwabciyata in za ta biki, ashoken da za ta ɗaura take fara zaɓa, da wanda za ta saɓa a kafaɗa, sannan sauran kaya su biyo baya. Ta ce nata daga Iseyin ake kawo mata, garin masaƙa a jihar Oyo. Akwai masu sana'ar ɗauri kawai, a biya su su naɗa, har ɗaurarre ake sayarwa yanzu, sai dai ki kifa a ka. Yana da kyau, ban ƙi ba. Sai dai gwaggwaro da mayafi ba sa shiri: in kin yafa a kai ya murƙushe, in kin sauke a kafaɗa kin san Inna ba za ta bari ki tsallake zaure ba. Don haka ashoken da na saka miki ki ajiye shi sai ranar kamu, cikin mata. Yawon Sallah ɗankwalin kayan ya isa, a yi ɗauri mai kwanciya.

Kada ki yaudari kanki, sarƙar nan ba gwal ba ce, wanki ne. Turare ke kashe ta, da gumi. Ki shafa humrarki ta bushe tukuna sannan ki sa, in kin cire ki goge da ƙyalle mai laushi ki ƙulle a leda. A nan raɓa da iskar teku ke dusar da su, har jakar fata fumfuna take yi a cikin sif da damina. Ku can zafi ne abokin gabarku.

Yaya, batun gwal ɗin da kika tambaya don kayan 'yarki. Ki duba hatimin da ke jikin maƙullin sarƙar: 750 shi ne karat 18, 875 karat 21, 916 kuma karat 22. Hatimi kaɗai ba hujja ba ne, ana buga shi a jabu, don haka a auna giram a gabanki, a gwada, a rubuta miki rasit. Kuma ki guji mai duwatsu da yawa, don ranar sayarwa sai an cire nauyinsu. In don ajiya ne, ni 21 zan ce. In na sawa ne kullum, 18 ya fi jure wahala.

Inna, wata alfarma nake roƙo. Na ji ana maganar a ba da murjaninki da sarƙar azurfar nan ta Agadas a canzo na zamani. Don Allah kada ki yarda. A nan murjani na gaske sarakuna da amare ke sa shi, musamman mutanen Bini, kuma yawancin wanda ke zube a kasuwa roba ne ko gilas. Naki zare kawai ya tsufa, a sake shirya shi. Azurfar a dirje ta da toka mai laushi, za ta dawo fara tas. Auta ta sa ta a kan baƙar shadda ko shuɗiya mai duhu, ba tare da komai ba, ku gani.

Ragowar mayafan Gwaggo da takalman yara suna wajen direban da ya kawo na farko, ya ce bayan Sallah zai taso, ta Jibiya zai shigo. In zai dawo, a ba shi kilishi da ɗan soyayyen naman layya, a zuba a kitse yadda ba zai lalace a hanya ba. A gaida Baba Ƙarami da mutanen gidansa, da duk wanda ya tambaye ni.

Taku,
'yarki ta Legas