A Daina Yanke wa Masu Ciwon Ƙwaƙwalwa Magani

Ya Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili a jaridarku domin in ja hankalin iyaye a Katsina kan ciwon ƙwaƙwalwa da likitoci ke kira sikizofireniya, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 yana kama kusan mutum 1 cikin 300. Yakan fara ne a ƙuruciya: matashi ya riƙa jin muryoyin da ba mai jin su, ya yarda ana bibiyarsa ko ana sa masa guba a abinci, ya daina wanka, ya ƙaurace wa mutane. Sau da yawa sai a ce iskoki ne, a sa masa mari, alhali maganin asibiti yana sauƙaƙa ciwon, kuma addu'a ba ta hana ganin likita.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda iyalai ke yanke magani saboda illarsa. Haloperidol kan jawo sanƙarewar jiki, rawar hannu da dalalar miyau, olanzapine kuwa barci da ƙiba da hauhawar sukari. Amma dainawa farat ɗaya kan dawo da ciwon, don haka a koma wurin likita ya rage adadin ko ya canza wani, akwai ma allurar wata-wata ga mai mantuwa.

Naku,
Wani mai karatu, Ƙofar Ƙaura, Katsina.