Amsa ga ɗana da ya tambaye ni harajin coci

Ɗana, assalamu alaikum.

A wurin walimar da aka yi a Agege ranar Asabar, ka miƙe a bainar jama'a ka ce: "Baba, kai da kake ma'ajin masallaci, me ya hana gwamnati karɓar haraji a coci-coci, tunda wasu fastoci jirgin sama gare su, kuma in zaɓe ya zo su ke faɗa wa mabiya wanda za su dangwala wa?" Samari suka yi ta tafi. Kafin in buɗe baki aka shigo da abinci, shi ya sa na rubuto.

Dokar da ta yafe musu ita ta yafe mana. Ƙungiyar addini ba ta biyan harajin kamfani muddin kuɗinta ba daga kasuwanci suka fito ba, kuma harajin fili na jihar Legas ya tsame wuraren ibada, namu da nasu. Ranar da aka janye wannan, akwatin da muke zagayawa da shi tsakanin sahu, wanda da ƙyar yake biyan kuɗin wuta da man janareta, shi ma za a zo a ƙirga. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san abin yi.

Maganar dukiya ban musa maka ba. Tun 2011 mujallar Forbes ta ƙiyasta dukiyar Bishop David Oyedepo a kan dala miliyan 150. Amma cocin da ya buɗe gidan ɗab'i, ko masallacin da ya kafa masana'antar ruwan leda, ribar nan doka ta ce a biya mata haraji. Mai karɓar ne ke tsoro. A 2016 wata ƙa'ida ta FRC, hukumar da ke sa ido kan rahoton kuɗi na kamfanoni da ƙungiyoyi, ta ƙayyade wa shugabannin ƙungiyoyin addini shekara 20 a kan kujera, har Fasto Adeboye na cocin Redeemed ya sauka daga shugabancin cocinsa na Najeriya a Janairun 2017. Kwana biyu tsakani, gwamnatin Buhari ta kori shugaban hukumar, Jim Obazee, ta jingine ƙa'idar. Wane ma'aikaci ne zai sake tsoma hannu bayan ya ga haka?

Inda na ji tambayarka ta rage ƙafa ɗaya shi ne batun zaɓe. Ka ga na fastoci, ba ka ga namu ba. A 2023, lokacin tikitin Musulmi da Musulmi, malamai nawa suka mayar da huɗuba gangamin siyasa? Alhali dokar zaɓe ta 2022 ta hana kamfe a wuraren ibada. Amurka ta ɗaure lamarin da haraji tun 1954: ƙungiyar da aka yafe wa haraji ba ta tallata ɗan takara. Wannan nake so a yi mana a nan. Liman ɗan ƙasa ne, yana da ƙuri'arsa, ya faɗi ra'ayinsa a zaurensa. Amma in ya hau mumbarin da dillalan tumatir na Mile 12 da 'yan acaɓa suka gina da guminsu ya tallata wani, to ya zama ɗan kasuwa, a karɓi haraji a hannunsa.

Mu ma ba mu tsira ba. Ana saura mako biyu zaɓe, yaron wani ɗan takara ya kawo mana shinkafa buhu goma da ambulan, wai "a sa mu a addu'a". Kwamiti ya rabu biyu. Shinkafar muka raba wa marayu, ambulan ɗin na shigar a littafi, liman bai ambaci sunan kowa ba. Har yau ina tunanin da mun mayar da kayan ya fi.

Littafin yana wurina. Ka zo Juma'a bayan la'asar da abokanka masu tafi, ku duba shi shafi-shafi.

Babanka, ma'ajin masallaci.