Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Sufuri: a ware mana rumfa ɗaya a reluwen Zariya

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, wata ziyara da na kai garin Swindon na ƙasar Ingila ce ta sa na ɗauki alƙalami. A can kamfanin Great Western Railway ya buɗe wurin gyaran kawunan jirgin ƙasa a 1843, ya bunƙasa har ma'aikatansa suka kai 14,000. An rufe shi a 1986, amma ba a rushe shi duka ba. A 2000 aka mai da wani ɓangarensa gidan tarihi mai suna STEAM.

Akwai wani kan jirgi da ake kira Caerphilly Castle, wanda aka ƙera a wurin a 1923. Na sauka ramin da ke ƙarƙashinsa, irin wanda makanikai ke shiga, na ɗaga kai ina kallon cikinsa. Manyan ƙafafunsa sun fi ni tsawo. Wallahi nan take kakana ya faɗo mini a rai, Allah Ya jiƙansa. Aikinsa zuba kwal ɗin Inugu a wutar jirgi, tafin hannunsa duk kanta. Jikokin ma'aikatan Swindon suna taɓa abin da kakanninsu suka taɓa, ni kuwa labari kawai na gada.

Ranka ya daɗe, Zariya ba ta rasa abin nunawa ba. Ta nan layin dogo ya bi ya isa Kano a 1911. Daga nan siririn layin kuza ya tashi zuwa Jos, har aka rufe shi a 1957, daga nan ne kuma reshen Ƙauran Namoda da ya sha dakon gyaɗa da auduga ya tashi. Legas tana da gidan tarihin reluwe, wato gidan Jaekel, a Ebute Metta. Arewa ma ta cancanci nata.

Roƙona shi ne a ware rumfa ɗaya a wurin gyaran jirage na Zariya, a tattaro tsofaffin kawunan jirgi da tarago da fitilu da littattafan tasha, kafin su faɗa hannun 'yan gwangwan. Abin da ya fi gaggawa ma shi ne mutanen. Tsofaffin direbobi da makanikai kullum raguwa suke yi. A tura ɗaliban tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello su naɗi muryoyinsu tun bana. Ni ma fitilar hannu ta kakana tana nan a ajiye, ranar da aka buɗe rumfar da kaina zan kawo ta.

Wassalam,
Jikan wani ma'aikacin reluwe, Sabon Garin Zariya