Na rubuta na ajiye, kamar yadda ka ce

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da uwargida da su Hajiya. Na san laifina ya isa a ci ni tara, wata biyar ba ko "yaya gida". Akwai abin da na zauna musamman don in tambaye ka, amma bari in fara amayar da wanda ya cika mini ciki tukuna.

Ka tuna musunmu na bara a kan Get Out? Kai ne ka ce in rubuta in ajiye, fim ɗin ban tsoro da ya taɓo wariyar launin fata ba zai yi kasuwa a Amurka ba, wai Bature ba zai biya kuɗinsa a zage shi ba. To, na ajiye. Daren jiya, 4 ga Maris 2018, Jordan Peele, wanda ya rubuta fim ɗin kuma ya ba da umarninsa, ya karɓi Oscar na rubuta labari na asali, wanda ba a ɗauko daga wani aiki ba, kuma shi ne baƙar fata na farko da ya ci wannan rukuni. A rukuni 4 fim ɗin ya shiga takara, har da na gwarzon fim. Dala miliyan 4.5 kacal aka kashe masa, kwana 23 aka yi ana ɗauka a Alabama, ya kwaso sama da dala miliyan 250 a duniya. Kai ne gwanin lissafinmu, ninki nawa ke nan? Kuma fim ɗinsa na farko fa, mutumin da da barkwanci aka san shi a talabijin.

Inda ka yi kuskure, Malam, ka ɗauka zagi ne a ciki. Babu zagi ko ɗaya, kuma nan tsoron yake. Saurayi baƙi ya bi budurwarsa Baturiya gaida iyayenta, aka tarbe shi da fara'a kamar za a haɗiye shi. Uban har yana faɗa masa da an ba da dama da ya sake zaɓar Obama karo na uku. Baƙin gidan wannan ya yaba ƙirar jikinsa, waccan ta matsa damtsensa. Ashe taya shi ake yi, gangar jikin ake so, mai ita a tura shi can ƙasan duhu yana gani ba ya iya motsi. Uwar kuwa ba ta da makami sai cokali da kofin shayi. Ba aljani, ba fatalwa.

Wallahi sai da tsikar jikina ta tashi, don na san wannan murmushin. A walimar wurin aikinmu wata dattijuwa ta riƙe hannuna ta yi ta mamakin yadda nake Turanci, ta kira mijinta ya zo ya ji, kamar an samu aku. Ban iya fushi ba, ai yabo ne. Na dawo gida na kasa barci, ban kuma san sunan abin da ke damuna ba sai da na ga fuskar Daniel Kaluuya, wanda ya fito a matsayin saurayin, hawaye na zuba ido a buɗe. Shi ma ɗan Ingila ne, iyayensa 'yan Yuganda, sai ka daina cewa sai haifaffen Amurka zai gane.

Af, wai da gaske dogon nan ya ƙara aure? Mutumin da har yau bai biya ni kuɗin agogona ba! Ka ce masa ina taya shi murna, kuma ban yafe ba. Ƙanwarka ma an ce ta gama karatu, Allah ya sanya albarka, amma sai a bakin wasu na ji.

Ina muka tsaya? Ƙarshen fim ɗin. Yaron ya kuɓuta da ƙyar, jina-jina, sai ga fitilar mota irin ta 'yan sanda. Sinimar da nake ciki kowa ya yi tsit, wata a bayana har da salati irin nasu. A kowane fim zuwan 'yan sanda ceto ne, a nan kuwa duk mun riga mun yanke cewa tasa ta ƙare. Da abokinsa ya fito daga motar sai ihu da tafi. Peele ya ɗauki wani ƙarshen da aka kama yaron aka ɗaure, daga baya ya canza. Ni dai na gode masa, da ban ci abincin dare ba.

Abin dariya, a gasar kyaututtukan fina-finai ta Golden Globes rukunin barkwanci aka jefa shi. Barkwanci! Waƙar farkon ma da Suwahili take, ana gargaɗin a saurari magabata, kai da kake fariyar ka iya Suwahili saboda sati biyu a Nairobi sai ka fassara mana.

Yanzu ga shi na manta tambayar da ta sa na ɗauki biro. Da ta dawo zan kira ka, ka dai riƙa ɗaukar waya. Kafin nan ka nemi fim ɗin ka kalla har ƙarshe, ban da barci a tsakiya irin naka, sannan ka faɗa mini da me za ka biya.

Ka gaida kowa da kowa.

Naka har kullum,
wanda ya ci musu