Shawara ga Masu Niyyar Ziyartar Gidan Rumfa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in ba da shawara ga masu zuwa Kano da niyyar ganin Gidan Rumfa, fadar da aka gina a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499.

Abin da baƙi da yawa ke mantawa shi ne, wannan gida har yau mazaunin Sarki ne da iyalinsa, kuma a nan ake zaman fada, saboda haka ba a shigarsa kai tsaye kamar yadda ake shiga gidan adana kayan tarihi. Duk mai son wuce Ƙofar Kudu, babbar ƙofar shiga fadar, ya nemi izini tun da wuri ta hannun masarauta, musamman idan ayari ne na ɗalibai, sannan ya samu ɗan gari wanda ya san ladubban wurin ya yi masa jagora.

A bara na raka wasu baƙi daga Damagaram. Muna isa bakin wani soro, ɗaya daga cikinsu ya zaro waya zai ɗauki hoto, takalminsa kuma na ƙafarsa. Wani dogari cikin rigarsa ta ja da kore bai ce masa uffan ba, ya dubi ƙafar tasa kawai, ya nuna inda takalman mutane ke jere. Kunyar da na ji ta fi ta baƙon, domin ni ne ban yi masa bayani ba tun daga gida. A sa tufafi na mutunci, maza da hula, mata da mayafi. A cire takalmi inda aka ga ana cirewa, a sassauta murya, kuma kada a ɗauki hoto sai an tambaya. Wanda ya samu damar gaida Sarki ya durƙusa ya yi gaisuwa, kada ya miƙa hannu, kuma kada ya yi mamaki idan fadawa ne suka amsa masa da “Sarki ya gaishe ka”.

A ganina, gara a fara da Gidan Makama da ke kusa da fadar, inda aka ajiye kayan tarihin Kano, domin wanda ya san labarin ganuwa da ƙofofinta ya fi fahimtar abin da zai gani a fada. A fito da hantsi kafin rana ta take. Ranar Juma'a kuwa hanyoyin da ke kewaye da babban masallaci kan cika maƙil tun kafin azahar.

Mai son ganin dawakai da jinjina ya zo a shekarar da aka tabbatar za a yi Hawan Daushe, washegarin Sallah, ya ajiye mota nesa, ya kama wuri tun kafin la'asar, yara kuma a riƙe hannunsu sosai idan mahaya suka fara sukuwa.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga unguwar Yakasai, birnin Kano.