Wasiƙa Daga Amsterdam: Yaya, A Bar Auta Ya Taɓa Waya

Amsterdam, ƙasar Holan

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da Baba da Inna da iyalinka baki ɗaya. Ya kasuwa, ya zafi? Ni ma lafiya lau, alhamdu lillahi, sai dai ruwan sama da iskar garin nan da ba sa hutawa.

Maganar Auta ce ta sa na zauna rubutu. Inna ta ce ya sake warware rediyon Baba, ya sha faɗa, har ana batun hana shi zuwa rumfarka ta gyaran rediyo. Don Allah ka sa baki. Ga abin da na gani da idona, kai ma ka auna.

Ka san a shagon gwanjon da nake, aikina gwada kayan lantarki kafin a sa musu farashi. Akwai wata mata da ke yawan zuwa, ba ta sayen komai sai kayan wasan yara masu batir: fiyanon roba, 'yar tsana mai magana, wayar ƙarya mai kiɗa. Da na tambaye ta ko jikoki ne da ita, sai ta ce kiɗa take yi da su, in zo in gani.

Na je. Wani tsohon sito ne a arewacin gari, a tsallaken ruwa. Babu ganga, babu jita, tebur ne kawai cike da kayan wasan nan, duk an kwance bayansu, wayoyi sun fito waje, an huda jikinsu an dasa makunnai da abin murɗa ƙara irin na rediyo. Ta kunna wani abin koyon harrufa mai suna Speak & Spell, wanda kamfanin Texas Instruments ya fitar a 1978. Ya fara magana da Turanci sumul. Sai ta jiƙa yatsa ta ɗora a kan fanel ɗin da ke cikinsa. Yaya, nan take muryar ta yi nauyi, ta ja, ta kakkarye, harafi ɗaya ya maƙale yana ta maimaita kansa har ya zama bugu. A kan bugun nan ta ɗora fiyanon roba, tana murɗawa a hankali, sautin na sauka har sai da na ji shi a ƙirjina. Mutane suka yi tsit, wasu a zaune a ƙasa. Bayanta wani ya hau da gwangwani da sifirin na keke. Ya manna musu ɗan faifan tagullar nan mai ƙara a cikin agogon hannu, ya haɗa da lasifika, yana goga musu mataji.

Kai za ka fi kowa gane sirrin. Akwai rizisto, ɗan abin nan mai rage gudun wuta, da ke riƙe da gudun aikin ayisi, wato ƙwaƙwalwar na'urar. In ka cire shi ka sa mai murɗawa, kai ke da iko da kauri ko sirantar muryar. Jiƙaƙƙen yatsa ma hanya ce da wutar ke bi. Ka tuna a rumfa in sukudireba ta haɗa wuri biyu rediyo ya ƙwalla ƙara, mu janye hannu da sauri? Su wuraren nan suke nema. In sun samu sai su yi alama, su liƙa waya da dalma, su sa makunni.

Abin yana da tarihi. Wani Ba'amurke mai suna Reed Ghazala, mutumin Cincinnati, yana yaro a shekarun 1960 wata 'yar amfilifayar batir ta taɓa ƙarfe a cikin durowarsa ta fara fitar da baƙin sautuka. Bai jefar ba, ya bi diddigi, ya mayar da abin aikin rayuwarsa. A nan Amsterdam kuma an yi Michel Waisvisz, wanda a shekarun 1970 ya ƙera wani ɗan akwatin katako, Kraakdoos, mai wuraren taɓawa na ƙarfe guda 6, jikin mai kiɗan ne ke cika hanyar wutar. A cibiyar kiɗan lantarki ta STEIM ya yi aikinsa, wadda aka kafa a 1969.

Ina tsaye a wurin marigayi Ɗan Maraya Jos ya faɗo min a rai. Kuntiginsa fa gwangwani ne da fata da tsirkiya ɗaya, amma duniya ta saurare shi.

Ba zan ce maka duka ya yi min daɗi ba. Wani sashen hayaniya ce zalla, Baba ba zai iya zama ba. Kuma ba cewa nake Auta ya zama makaɗi ba. Abin da ya tsaya min shi ne, hannun da ke buɗe abu don ya ga cikinsa, a nan girmama shi ake yi, har bita ake shirya wa yara a koya musu. Yaron nan yana da wannan hannun. Ka zaunar da shi kusa da kai bayan Islamiyya, ka ba shi matattun rediyoyin da ke ƙarƙashin benci, ya bar na Baba.

Sharaɗi ɗaya, kuma su ma nan ba sa wasa da shi: abu mai batir kaɗai, kada ya wuce bolt 9. Duk abin da ake jonawa a wutar NEPA ko janareta kada ya kusance shi, musamman tsohuwar talabijin, don tana riƙe wuta ko bayan an zare ta.

Ranar 27 ga Afrilu ake bikin Ranar Sarki a nan, kowa ya baje tsofaffin kayansa a titi, yara su cika lambun Vondelpark suna sayar da kayan wasansu da araha. In Allah ya kai mu zan tsinto masa fiyano da faya-fayan tagullar nan, in ba wani mai tahowa gida. Kai kuma ka faɗa min irin mitar gwajin wutar da kake so, in haɗa.

Ka gaida Baba da Inna, ka ce su ci gaba da sa ni a addu'a. Ka gaida matarka da yara, da maƙwabtan rumfa.

Naka ƙane,
daga Amsterdam